Kafin Ranar Suna: Wa Ke Duba Shayarwar Mai Jego a Diffa?

Babu wanda zai je jihar Diffa ya ce zai koya wa mata darajar nonon uwa. Daga Maine Sorowa har Boso, a gidan Barebari ko a rugar Fulani, wajen Tubawa, Larabawa, Buduma ko Hausawa, da nono ake tashin yaro, kuma a Nijar galibi ba a yaye shi sai ya kai wajen wata 20. Addini ma ya riga kowa magana, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cur ga mai son cika shayarwa. Duk da haka, babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya gano cewa kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu. An samu ci gaba, tunda a 2006 kashi 14 ne, amma da sauran tafiya kafin a kai kashi 50 da ƙasashen duniya suka ɗaukar wa kansu a matsayin burin 2025.

To, a ƙasar da kowace uwa ke shayarwa, daga ina wannan giɓi ya fito? A ganina daga ɗakin mai jego yake, tsakanin ranar haihuwa da ranar suna. Cikin waɗannan kwanaki bakwai ake yanke shawarar a ba jariri dakashi ko a zubar, a ɗura masa ruwa ko a bari, uwa ta yarda nononta na isarsa ko ta karaya. Kuma daidai lokacin ne babu wani mai horo kusa da ita. Rediyo na faɗakarwa, ana bikin makon shayarwa daga 1 zuwa 7 ga Agusta kowace shekara, ana yi wa mata bayani wurin awon ciki. Duk suna da amfani. Sai dai babu ɗayansu da zai dubi bakin jariri a kan nono ya ce wa uwa, "Ɗan matso da shi jikinki, bai kama sosai ba."

Abin da kwana bakwai ke ƙunshe da shi

Dakashi kaɗan ne, mai kauri, launin ɗorawa. Ƙarancinsa ke tayar wa mutanen gida hankali, alhali cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar fiye da cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda. Cike yake da sinadaran kariya masu shafe hanjin yaro su tare ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko. Binciken da aka yi kan jarirai kusan 11,000 a yankin Kintampo na ƙasar Gana, wanda aka wallafa a 2006, ya ƙiyasta cewa da kowane jariri zai kama nono cikin sa'ar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko.

Tsakanin kwana na biyu da na huɗu nono ke kawowa sosai, nan kuma wahala ke somawa. Ƙirji ya cika ya yi tauri, jariri ya kasa cika baki, ya dinga tsotson kan nono kaɗai har ya tsage. Uwa na cije leɓe duk sa'ad da ta sa shi, sai ta fara jinkirtawa. Yaro na tsala kuka, sai a ce nonon bai isa ba, ko kuma ya lalace. A wasu gidajen akan tatsi nonon a jefa tururuwa ciki, in ta mutu a ce mugun nono ne, a hana yaro sha sai an yi wa uwa magani. Kafin a gama maganin an riga an ba shi ruwan sukari, ko nonon akuya, ko bauri.

Nono kuwa kamar rijiya yake, in ana ɗiba ya yi ta ɓuɓɓugowa, in an bar shi ya ja baya. Tsotson jariri, musamman na dare, shi ke sa jikin uwa ya ƙara samarwa. Duk kurɓin ruwan da ya cika cikin yaro ya rage masa tsotso, ragin tsotso ya rage nono, sai zancen "bai isa ba" da ya fara a matsayin zato ya koma gaskiya. Yawancin wannan matsala ana iya shawo kanta cikin rabin sa'a, in akwai wadda ta san aikin ta zauna kusa da uwa a rana ta uku.

Jego da abin da rikici ya yi masa

Kakanninmu ba su taɓa barin mai jego ita kaɗai ba. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Ungozoma ta yanke cibi, ta ci gaba da zuwa wankan jariri har suna. Uwa, ko gwaggo, ko yaya ta ɗauke wa mai jego daka da ɗiban ruwa har a yi arba'in, a dama mata kunu, a gasa mata nama, a sa ido kan cinta da barcinta. Wannan shi ne taimako har gida, irin wanda ƙasashe masu arziki ke kashe maƙudan kuɗi don su samar. Yana da kurakuran da likitoci suka daɗe suna jan hankali a kansu, kamar zubar da dakashi, ɗurar jiƙo, da yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego, waɗanda binciken likitocin Zariya ya danganta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. Amma tushensa daidai yake: a ciyar da uwa, a hutar da ita, kada a bar ta ita kaɗai.

A kwarin kogin Komadugu rikici ya girgiza wannan tushe. Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, da kwashe mazauna tsibiran Tafkin Chadi a watan Mayun shekarar, da harin Boso na Yunin 2016, ƙauyukan bakin kogi da dama sun watse. Mutum fiye da 200,000, 'yan gudun hijira daga Damasak da Malam Fatori da sauran garuruwan Borno, da 'yan ƙasa da suka bar gidajensu, sun bazu a gefen babbar hanyar kwalta, a Gagamari, Kinjandi, Kablewa, sansanin Sayam da bayan garin Diffa, a jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum kusan 600,000. Dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, wanda da shi talaka ke kai mara lafiya asibiti. An daɗe ana hana cinikin tattasai da banda, waɗanda daga su magidanci ke samun kuɗin cefanen jego. Wasu ƙananan asibitocin bakin iyaka sun rufe. Sannan ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 suka sake tayar da wasu dubbai.

Yarinyar da ta yi haihuwar fari a rumfar tamfol, wataƙila uwarta na wani sansanin, ko tana ƙetaren kogi, ko ta rasu. Tsohuwar da ta san jego ba ta kusa, ma'aikaciyar da ta yi karatu kuma tana asibiti da layin mata a gabanta. Tsakanin su biyun aka bar ta.

Abin da aka gwada a wasu wurare

A Amurka da Turai akwai masu sana'ar koyar da shayarwa, kuma tun 1985 akwai hukumar da ke yi musu jarrabawa ta ba su takardar shaida. Iyaye su kira, a zo musu har gida, su biya ko inshora ta biya. A Holan ma'aikaciyar jego na zuwa gidan mai haihuwa wajen kwana takwas a jere. Babu mai tsammanin a kwaso wannan tsari a dire shi a Geskeru ko Tumur. Amma in aka duba abin da waɗannan ƙwararru ke yi a ɗaki, ba ya buƙatar na'ura ko lantarki. Ido yake buƙata, da hannu, da haƙuri, da horo mai kyau.

Shi ya sa a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa ziyartar sabon jariri a gida rana ta farko, ta uku da ta bakwai. A 2018 hukumar ta ƙara da cewa a zauna da kowace uwa kan batun shayarwa aƙalla sau shida, tun daga goyon ciki. Hujjar kuwa tana nan. A birnin Daka na Bangaladash an horar da matan unguwa su riƙa shiga gidaje, ziyara 15 ga kowace uwa. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2000 ya nuna kashi 70 na jariran da aka ziyarta suna kan nono zalla a wata biyar, inda ba a ziyarta ba kuwa kashi 6. Kusa da mu, a yankin Banfora na Burkina Faso, ziyara wajen biyar ta kai adadin zuwa kashi 79 a mako na 12, a ƙauyukan da ba a je ba kuma kashi 35. Wannan bincike na 2011, wanda ya haɗa har da Afirka ta Kudu, ya ƙunshi darasi na biyu: a can bambancin ɗan kaɗan ne, kuma ba a ga raguwar gudawa ba. Ziyara kaɗai ba ta wadatar ba ke nan, sai da horo na gaske, da mai bin sawun aikin, da asibitin da za a tura wanda ya jikkata.

Nijar ma tana da nata darasin. A zamanin Shugaba Tandja Mamadu, ɗan Maine Sorowa, an gina ƙananan gidajen likita na ƙauye wajen 2,000, a 2006 kuma aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, nasarar da duniya ta yaba. Amma mutuwar jarirai 'yan watan farko ba ta motsa sosai ba. Dalilin a fili yake. Gidan sauro, allurar rigakafi da maganin zazzaɓi suna samun yaron da ake iya goyawa a fita da shi, jaririn da ba a raɗa wa suna ba kuwa ba ya fita ko ƙofar gida. A 2012 wajen kashi 30 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti. Ko wadda ta haihu a ƙaramin asibitin da ake kira CSI ko a Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Diffa, in komai lafiya, tana gida tun nono bai kawo ba.

Yadda ziyara mai kyau take

A ce mai ziyara ta yi sallama da hantsin rana ta uku. Kafin ta kalli jariri, tsohuwar gida za ta fara durƙusa wa: "Inna, barkanmu da arziki. Ina gajiyar jego? Allah ya raya." Ta wanke hannu da sabulu, ta zauna kan tabarma daidai da mai jego, ta ce, "Ƙanwata, sa shi mu gani." Sai ta yi shiru tana kallo. Cikin yaro na manne da cikin uwa, ko yana kwance rigingine ya murɗa wuya? Bakinsa a buɗe yake sosai, leɓen ƙasa a juye waje, haɓa na taɓa nono? Baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa? Yana ja a hankali ana jin haɗiya, ko tsotso ne na sauri da kumatu a loɓe? In bai kama ba, ba za ta karɓe yaron ta yi da kanta ba. Za ta nuna wa uwa ta shafa kan nono a leɓensa na sama, ta jira ya hangame baki, sannan ta jawo shi gaba ɗaya. Sau da yawa nan take uwa ke ɗagowa ta ce zafin ya ragu.

In ƙirjin ya yi tauri, sai a ɗora tsumma mai ɗumi, a koya mata tatsa kaɗan da hannu har wurin ya yi laushi. Za ta tambayi sau nawa yake sha, domin takwas zuwa 12 dare da rana shi ne daidai. Za ta tambayi zannuwa nawa ya jiƙa, domin daga rana ta biyar ana son fitsari sau shida ko fiye, kashi kuma ya juye daga baƙi zuwa ɗorawa. In ɗan bakwaini ne ko ƙarami ƙwarai, a ɗaura shi tsirara a ƙirjin uwa a lulluɓe su tare, a ba shi tatsattsen nono da ɗan kofi mai tsabta in bai iya ja ba.

Ta kuma san iyakarta. Jaririn da ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko jijjiga, ko shawara ta kai tafin hannu, ko cibi ya yi ja yana ruwa, asibiti ne yau ɗin nan. Haka uwar da jini ya ƙi tsayawa, ko mai zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko wadda nononta ya yi ja ya kumbura.

A sansanonin gudun hijira akwai ƙarin aiki. Mata da yawa sun ɗauka firgici da yunwa sun ƙafar musu da nono. Firgici kan tsayar da zubowarsa na ɗan lokaci, amma ba ya ƙafar da shi, kuma uwar da ba ta ƙoshi sosai ba tana samar da nono, jikinta ne ke biyan bashin. Maganin shi ne a ciyar da ita, a kwantar mata da hankali, a ci gaba da sa yaro. Jaririn da uwarsa ta rasu kuwa, shayar da shi wajen wata mace hanya ce da Musulunci ya sani ya kuma tsara mata hukunci, tunda Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Ko macen da ta daina shayarwa tana iya dawo da nono in jariri ya yi ta tsotso. Madarar gwangwani ta zama ta ƙarshe, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, domin inda ba ruwa mai tsabta ba itacen tafasa shi, gudawa ce ke biyo bayanta.

Zancen ruwa

A nan aka fi kai ruwa rana. A watan Afrilu da Mayu zafin Diffa na wuce maki 40, kuma a al'adarmu baƙo ruwa ake fara miƙa masa. Kakar da ta ɗiga wa jikanta ruwa tausayi ne ya sa ta, ya kamata a fara da yarda da hakan. Amsar likitanci ita ce kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya nuna jaririn da ke shan nono duk lokacin da ya so ba ya buƙatar ƙari. Ruwan da ake ba shi kuwa ta yiwu daga kogi ko buɗaɗɗiyar rijiya aka ɗebo. Mutanen Diffa ba su manta annobar ciwon hanta nau'in E ta 2017 ba, wadda gurɓataccen ruwa ya yaɗa, ta kuma fi kashe mata masu ciki.

A Nuwamban 2019 an ƙaddamar da gangami a Abijan don Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kan nono zalla ba ruwa. Saƙon daidai ne, amma tsohuwar da ta raini 'ya'ya tara ba za ta saki abin da ta sani don ta ji a rediyo ba. Abin da ke ratsa ta shi ne mai ziyara ta ɗaga zanen jariri ta ce, "Inna, taɓa ki ji, sharkaf yake, fitsarin kuma fari tas. Mai ƙishirwa ba ya irin wannan. Ruwan nan miƙa wa uwarsa ta shanye, zai same shi ta nono." Gani ya kori ji. Haka batun rubutu da zamzam: in malaman unguwa suka shigo cikin maganar, ana iya daidaitawa uwa ta sha, a yi wa yaro huɗuba da addu'a, ba tare da kowa ya ji an taɓa masa imani ba.

Wa zai yi, wa zai biya?

Ungozomomin asibiti a jihar ba su da yawan da za su bi gida-gida, don haka aikin sai an yi shi hawa-hawa. A ƙasa, mace 'yar unguwa, daga cikin 'yan sa-kai na lafiya da ake kira rele ko daga ungozomomin gargajiya, wadda aka horar a aikace da jarirai na gaske. Dole ta zama mace, tunda baƙon namiji ba ya shiga ɗakin mai jego. Dole ta ji yaren gidan, Barbarci ne ko Fulatanci, Tubanci, Larabci, Budumanci ko Hausa. Dole gidanta ya kasance inda za ta taka da ƙafa, domin hakan ya raba ta da matsalar abin hawa da ta tsaro. A samanta kuma ungozomar CSI, wadda za ta iya kira a waya, wadda kuma za ta riƙa bin ta wasu ziyarori tana gyara mata. Masu shakkar ko matan da ba su yi boko ba za su iya, su dubi Mirya a jihar Damagaram, inda ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata awon damtsen yara don gano tamowa, aka kuma tarar aikinsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba.

Sanin an haihu ba wuya. Liman, mai unguwa da wanzami duk suna ji tun ranar, abin da ya rage a haɗa su da mai ziyara. Abin da ke da wuya shi ne kuɗi. Matar da za ta bar gonarta ko tallarta ta shiga gida uku a yini ta cancanci lada tsayayye. Muddin ladan yana hannun ayyukan ƙungiyoyi masu wa'adin shekara biyu ko uku, ranar da aiki ya ƙare ziyara ta ƙare, kuma ragin tallafin Amurka na 2025 ya nuna wa kowa hatsarin dogaro da waje. Ya kamata kasafin ƙananan hukumomi da na ma'aikatar lafiya su ɗauki wannan nauyi, ƙungiyoyi su taimaka da horo.

Maigida ma yana da nasa kaso. Makarantun mazaje da aka soma a Damagaram da tallafin UNFPA sun nuna maza na sauraro in aka zauna da su a majalisarsu. Shi ke yanke nawa za a kashe wa shagalin suna, nawa za a ware wa abincin mai jego har arba'in. Shi ke iya cewa ba za ta koma tsinkar tattasai ko ɗiban ruwa da wuri ba. Akwai kuma ribar da ta shafe shi kai tsaye: nono zalla dare da rana, muddin jariri bai kai wata shida ba kuma al'ada ba ta dawo ba, yana hana sabon ciki da kusan kashi 98 cikin 100, ya kare gida daga kwanika da yayen dole.

Mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa shayarwa yadda ya kamata za ta ceci yara 823,000 a duniya kowace shekara. Rabon Diffa a wannan adadi ba zai samu ta hanyar ƙara taruka ba. Hukumomin lafiya na Diffa, Boso, Maine Sorowa, Gigimi, Gudumariya da Ngurti suna ƙirga awon ciki, suna ƙirga allura, suna ƙirga masu tamowa. Su ƙara layi ɗaya a rajistarsu: cikin matan da suka haihu wannan wata, nawa ne wata mai horo ta shiga ɗakinsu kafin kwana uku su cika? Abin da ake ƙirgawa shi shugabanni ke tambaya, shi kuma ake ware wa kuɗi. Duk wata da aka yi ba a cike wannan layi ba, akwai jariran da za a kai asibitin tamowa nan da rabin shekara saboda matsalar da za a iya gyarawa a makonsu na farko.